Yadda Aka Hana Kofur Gudu

A Gomben da na tashi a cikinta, babban mutum ba ya gudu. Idan ka ga mai gemu ya zuba a guje, to ko gobara ce ta tashi, ko ɓarawo ake bi, ko kuwa kansa ne ya taɓu. Yara su yi gudu, 'yan makaranta su yi, soja ya yi a barikinsa, amma magidanci mai mata da 'ya, a tsakiyar unguwa, wannan ba a san shi ba. Maigidana ya yi gudu, kuma a kan haka aka nakasa shi. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu a takarda ba. Mutanen unguwarmu ta Dawaki Kofur suke ce masa, ni ma haka zan ce.

An ɗaura mana aure yana aikin reluwe, lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa garin ba. Mutum ne mai surutu da tsokana, ɗan ƙwallo, wanda ba ya wuce tsohuwa a hanya bai ce zai aure ta ba. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja tare da wasu samarin unguwa, ya bar ni da cikin 'yarmu ta fari. Bayan an gama ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, aka yanka rago, aka yi ta zuwa barka. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san gangar jikin ce kawai ta dawo.

Ba ya barci sai gyangyaɗi, shi ma ya farka a firgice, jiƙe sharkaf da gumi. Kwano ya faɗi a tsakar gida, sai ka gan shi a ƙasa ya rufe kai da hannu. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Ranar layya, da aka fara babbakar kai da ƙafa, ya fice daga gidan bai dawo ba sai da ƙaurin ya lafa. Fushinsa ne ya fi ba ni tsoro. Wata rana 'yarmu tana kuka ya sa ƙafa ya fasa randa, a garin da ruwa ya fi nama wuyar samu. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma na fara tura yarinyar bayana idan na ji tafiyarsa. Inna, mahaifiyarsa, ta kawo rubutu da saiwoyi da hayaƙi. Ya sha, ya yi wanka, ya shaƙa, don ba ya musu da ita, amma babu abin da ya sauya.

Wanda ya kawo mana sauƙi wani makaniki ne Ibo, abokin ƙwallonsa tun kafin yaƙi. Ya tafi gida lokacin tashin hankali, ya rasa 'yan'uwa a can, ya dawo ya sake buɗe garejinsa a Sabon Gari. Wata rana sai ga shi ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na aika musu da ruwa zaure, na tsaya ina leƙe ta tsagar ƙyaure gabana na faɗuwa, don na san ba ɓangare ɗaya suka tsaya ba. Sun daɗe zaune, babu wanda ya ambaci yaƙi. Daga baya Kofur ya gaya mini mutumin ya dubi idanunsa ne ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, shi ma a da ba ya barci. Abin da yake yi shi ne ya tashi da sassafe ya yi ta gudu har ƙirjinsa ya ɗauki zafi. Washegari ya aiko masa da farin takalmin kambas.

Tun daga nan, da an sallame sallar asuba sai Kofur ya shigo ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura kambas, ya fita. Su haɗu da makanikin a wajen tashar jirgi, su bi ta Nasarawo, wadda a lokacin yawancinta gonakin auduga ne da dawa, su nufi dutsen Liji su juyo. Ya dawo yana haki, ƙafafu duk yashi, ya shanye koko ya nemi ƙari. Ban san ranar da abin ya fara sauyawa ba. Na dai san ya fara barci har da minshari, kuma ban taɓa jin daɗin minsharin mutum ba sai a lokacin. Wata rana ya ɗanɗana miyata ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, gishiri ne ya ƙare a garin ko rowa ce ta gado. Na shige madafi na yi kuka, don rabon da ya tsokane ni tun kafin ya tafi. Ya koma buga ƙwallo da ma'aikatan reluwe da yamma, ya samu gadi a gidan gurzar auduga, 'yarmu ta fara hawa wuyansa. Ni kuwa na koyi rage ruwan wanke-wanke don in ajiye masa na wanka.

Na taɓa tambayarsa me yake samu a wannan wahala. Yana kwance igiyar takalmi ya ce:

"Akwai wata ƙara a kaina. Idan ina zaune, tana zaune tare da ni. Idan na yi gudu sai in baro ta a baya, ba ta iso ni sai washegari."

Gari kuwa ya samu abin magana. A farkon kwanakin, wasu dattawa da suka fito daga masallaci sun gan shi ya wuce su a guje, suka tattare riguna suka rufa masa baya suna ihun ɓarawo. Sai da suka kai bakin kwari, numfashinsu na neman ɗaukewa, ya tsaya ya tambaye su lafiya. Ba su taɓa yafe masa wannan ba. Yara suka riƙa binsa suna masa lef-rai irin na faretin soja. Mata a gidan suna su tambaye ni ya mai jiki, da wata irin murya ta tausayi wadda ke sa in ji kamar in watsa musu kunu. Aka ce gajeren wandonsa na bayyana gwiwa, na zauna na ɗinka masa wanda ya sauka har ƙauri. Aka ce Ibon ne ya ba shi wani abu ya ci. Inna kuwa, Allah ya ji ƙanta, ta yi ta kuka, don a ganinta mutumin da ke gudu ba kowa a bayansa, to akwai abin da ke korarsa wanda mu ba ma gani. A nan ta yi gaskiya. Inda ta ɓata shi ne ba ta gane tsere masa yake yi ba.

Duk da haka an bar shi shekaru yana abinsa, don a lokacin gidansu ba shi da wani suna da za a ɓata. Yayansa, wanda nake kira Yaya, awon auduga yake yi a kasuwa, kekensa ma aro ne. Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Kwangila ta riƙa faɗowa kan duk wanda ya san wani a ofis, Yaya kuwa ya san wani. Kafin ka ce me, ya gina bene, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare, ya fara zama a majalisar manya bayan la'asar. A can ne wani ya tsokane shi, ya ce da safe ƙanensa ya wuce shi a hanyar Biu, da ya sani da ya ba shi saƙo ya kai masa Dadin Kowa, tun da ya fi mota sauri. Aka yi dariya. Yaya bai yi ba.

Da farko ta hanyar alheri ya biyo. Ya aiko wa Kofur da sabon babur da manyan riguna na shadda, ya buɗe masa shagon siminti a bakin kasuwa, ya ce ɗan gidansu ya wuce gadi, ya kuma wuce yawo a ƙasa yana gumi kamar ɗan dako. Kofur ya yi godiya, ya karɓi shagon, ya hau babur zuwa kasuwa. Da asuba kuma ya ɗaura kambas ɗinsa ya fita.

Sai aka kira taro a zauren Inna. Akwai Yaya, akwai Baffa ƙanen mahaifinsu, akwai Goggo, akwai Inna a kan tabarmarta. Ni ba a kira ni ba, amma na bi Kofur na tsaya daga bayan ƙofa. Yaya ya yi dogon bayani a kan mutuncin gida. Baffa ya ce tun kakanninsu ba a taɓa jin an yi maganin ciwon kai da ƙafa ba. Kofur, kansa a sunkuye, ya gaya musu abin da ya gaya mini, maganar ƙarar nan da yadda yake baro ta a baya. Na ga Goggo ta kalli Baffa. Wannan bayani da ya yi don ya kare kansa, shi suka riƙe a matsayin shaida: ga shi da bakinsa ya ce yana jin ƙara.

Ban san sanda na turo ƙofa ba. Na durƙusa na ce:

"Yaya, ku tambaye ni. Ni nake kwana ɗaki ɗaya da shi. Ranar da ya yi gudu yana barci, ranar da bai yi ba ba ya yi."

A gaban surukai, mace ta ambaci kwana ɗaki ɗaya da ɗansu. Goggo ta riƙe baki ta ce yau ga marar kunya. Baffa ya kawar da kai. Maganar da na faɗa babu wanda ya auna ta, rashin kunyar kawai aka ji, aka ce in fita. Ina bakin ƙofa na ji muryar Inna tana rawa:

"Idan ka sake gudu a garin nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Da kurkuku aka ce za a kai shi, da ya yi dariya. Amma uwa ta ɗora nononta a kan abu, shi ke nan, an rufe. Na san ba daga zuciyarta maganar ta fito ba, saka mata ita aka yi a baki, kuma na san ta yi ne don tana ganin ceton ɗanta take yi. Sanin haka bai rage mini komai ba. Kofur ya dawo gida, ya wanke sabon kambas ɗin da bai daɗe da saya ba, ya shanya, ya ba ni ya ce in ajiye.

Ya zauna a shago. Ya yi ƙiba, shadda ta karɓe shi, mutane suka riƙa yi wa Yaya barka, wai ƙanensa ya shiryu. Ni kuma a gida ina ganin komai yana dawowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya tafi. Barcin ya fara gudu, sannan tsokanar, sannan cin abinci. Idan yana zaune ƙafarsa ta dama sai ta yi ta rawa, ya danne ta da hannu. Ya riƙa zagaya tsakar gidanmu, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma kaɗan ba, daga rijiyar da ta ƙafe zuwa bakin madafi, ya je ya dawo har ƙasar wurin ta yi hanya. Ya aike ni wurin Inna in tambaya ko ƙwallo ma tana cikin rantsuwar. Ta ce ai ƙwallo gudu ce. Makanikin ya zo sau da yawa da asuba ya tsaya a ƙofar gida, Kofur ya ce in ce masa ba ya nan. Yarinyarmu, wadda ta riga ta yi wayo, da kanta ta koma ɓuya a bayana.

Ranar da abin ya faru, rana ce ta cin kasuwa. Wata babbar mota ɗauke da auduga tayarta ta fashe daidai ƙofar shagonsa. Waɗanda suke wurin sun ce ya faɗa ƙarƙashin benci, ya daɗe a can yana karkarwa, sannan ya miƙe ya zuba a guje. Da babbar riga, ba hula, ba takalmi, ya ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ya bar shago a buɗe. Bai tsaya ba sai gindin dutsen Liji.

Ya dawo gab da magariba, tafin ƙafarsa duk ƙaya da jini. Amma idanunsa sun washe. Ya zauna ya cinye tuwo tas, ya kira 'yarsa ya tambaye ta karatu. Ina cire masa ƙaya sai na ji ɗigon ruwa a hannuna. Kuka yake yi, ba don ciwo ba, wai ya karya maganar Inna. Ya yi barci a ranar irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Da safe motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida da ƙarti a bayanta. Duk gari ya gani, in ji Yaya, yanzu babu sauran musu, gudun nan shi ne ciwon. Kofur bai yi gardama ba, don yana ganin ya yi laifin da ya cancanci komai. Ni ce na yi ta ihu har maƙwabta suka riƙe ni. Suka kai shi gidan wani mai magani a wani ƙauye bayan Hammadu Kafi, inda ake ajiye masu taɓin hankali. Maganin gidan na farko shi ne mari, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafafu biyu da shi don kada mutum ya gudu.

Ina zuwa duba shi duk sanda aka bar ni. Nakan same shi a gindin wata tsamiya, ƙarfe ya ci idon sawunsa, ƙuda na bin wurin. Ba ya ƙorafin abinci, ba ya ƙorafin duka, ko da yake na ga shatar bulala. Abu ɗaya ya roƙe ni:

"Ki ce musu su riƙa kwance ni da safe. Su ɗaura mini igiya a ƙugu su riƙe. In zagaya gidan nan kawai."

Na roƙi mai maganin, ya ce ai wannan ba Kofur ke magana ba, abin da ke jikinsa ne ke neman hanya. Na roƙi Yaya har na kama ƙafarsa, ya ce in yi haƙuri, shi ma ba a son ransa ba ne, kuma shi ke ɗaukar nauyin komai. Makanikin ya je har gidan bene ya yi bayani, aka sa maigadi ya raka shi waje, aka ce ya gode Allah ba a kai shi ga hukuma ba. Na je wurin Inna na ce ta janye maganarta. Ta rungume ni muka yi kuka tare, ta ce idan ya warke za ta janye.

Tun farkon damina aka kai shi, ba a sako shi ba sai da aka gama tsinkar auduga. Ya sauko daga mota yana tafiya da gajeren taku, ƙafa kusa da ƙafa, kamar har yanzu ƙarfen na nan. Jijiyar idon sawunsa ta hagu ta lalace, ba ta sake miƙewa daidai ba. Ba ya firgita, ba ya fushi, ba ya komai. Aka cika gidan da 'yan barka, kowa na cewa alhamdu lillahi, Kofur ya natsu. Inna ta dafa kansa ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ya yi duk abin da yake so. Ya dube ta ya ce ya gode.

Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, a zaune. Daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallaci. Shagon ya mutu, na koma koyarwa a firamare na riƙe gidan. Bai sake tsokanar miyata ba, ko da na bar gishirin da gangan, kuma na sha bari. Idan yara suna ƙwallo a ƙofar gida sai ya juya kujerarsa ya kalli bango. Ƙarar nan ba ta tafi ba, na sani, don wani lokaci nakan ga ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Ya dai daina gaya wa kowa. Ranar da ya rasu, makanikin, wanda shi ma ya tsufa, ya zo ya tsaya daga nesa har aka ɗauki gawa.

Mutane suna cewa in bar wa Allah, kuma na bar masa. Amma ban huce ba, ba zan yi ƙarya ba. Da ciwo ne ya ci shi, da na ce ƙaddara. Mutumin nan ya samo maganinsa da ƙafafunsa, ba a asibiti ba, ba da taimakon kowa a danginsa ba, aka taru aka ƙwace don kada a yi wa mai bene dariya a majalisa.

Bayan an ba mu jiha, gari ya cika da manyan ma'aikata da sababbin ɗabi'u. Wata safiya ina shara a ƙofar gida sai na hango wani tsoho yana tahowa da sauri-sauri, yana wurga hannuwa, sanye da riga da wando irin na 'yan wasa, mota na binsa a hankali daga baya. Sai da ya matso na gane Yaya ne. Hawan jini da ciwon suga sun kama shi, likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Ya tsaya yana haki, fuskarsa cike da fara'a, muka gaisa.

"Hajiya, ai wannan abu magani ne," in ji shi. "Likita ya ce har damuwa yake cirewa. Tun da na fara nake barci kamar jariri."

Na dubi takalmansa. Farare ne tas, ɗansa ya kawo masa daga waje.

"Haka ne, Yaya," na ce. "Ƙanenka ya gaya muku a zauren Inna."

Ya dube ni kamar mai neman tuna wani abu. Sannan ya ce Allah ya ji ƙansa, ai shi nasa ciwo ne daban. Ya ɗaga mini hannu ya ci gaba da tafiyarsa, motar ta bi shi, mutane na gaishe shi daga bakin shaguna suna yi masa sannu da ƙoƙari.

Na jingine tsintsiya na shiga ɗaki na buɗe akwati. Kambas ɗin na nan a inda na ajiye su, sun yi ruwan ƙasa don daɗewa, igiyarsu a ɗaure yadda ya ba ni. Na juya su na duba ƙasan. Ko cinyewa bai fara ba.